Kayan Sallar 'Yar Fari

Shadda na kai masa ran nan, ba gaisuwa ce ta kai ni ba. Azumi ya shiga goman ƙarshe, kuma duk wanda ya zauna a Briqueterie, wadda mu muke ce wa Birik, ya san yadda unguwar take zama a wannan lokaci. Kekunan ɗinki suna ruri tun daga bakin titi har cikin lunguna, masu kaya suna tsaye a ƙofar shaguna suna rantse-rantse, teloli kuma idanunsu sun yi ja kamar an zuba musu barkono. An kwana ana ruwa, jar laka ta cika hanya. Mai taksi ya sauke ni nesa da shagon, ya ce ba zai tura motarsa cikin wannan taɓon ba. Na ɗora ƙunshin a kai na taka da ƙafa.

Shagon na ɗan yayana ne. Yaya ne ya buɗe shi tun ina budurwa, da idonsa ya fara rauni ya bar wa babban ɗansa, ya koma gida yana jan carbi. Wannan ɗa a bayana ya girma. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana yaye ɗan fari ake miƙa shi ga wani, shi ya sa aka miƙo mini shi. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In zai yi magana a kansa sai ya ce "wancan", ko "yaron naki". In yana da saƙo ni yake ba, ko da wancan ɗin yana zaune a tabarma ɗaya da mu. Haka Babanmu ya yi wa Yaya, domin shi ma ɗan fari ne.

Na yi fatauci shekaru masu yawa. Na kwana a zangon Kumasi, na zauna Kwatano da Lome da Njamena, na je Jidda ba sau ɗaya ba. Na ga Balarabe yana sumbatar goshin ɗansa mai gemu a tsakiyar kasuwa. Har a Kano, inda kakanninmu suka fito, na ga matasan yanzu suna saɓa 'ya'yansu na fari a kafaɗa suna kwaɗa musu kira, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Mu da muke nesa da gida mu ne muka ƙanƙame abin, kamar in muka sake shi za mu narke a garin mutane. Da wannan kunyar aka raine mu, kuma ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce ta yi masa nauyi ba.

Shi ma da ya yi aure ya sami 'yarsa ta fari, hanyar ubansa ya bi. Yarinyar takan yini a shago tana tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, yana kallonta ta gefen ido, amma in ta kai hannu ga almakashi sai ya ce wa wani, "Ku janye yarinyar nan." Kakanta ne abokin wasanta. Yana ce mata amaryarsa, tana ja masa gemu, tana cika masa aljihu da ƙyallayen da ta tsinto. Tana da shekara huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah.

A zaman makoki Yaya ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Uban yarinyar kuwa shi ne mai shimfiɗa tabarmi, shi ne mai kai ruwa. In an ce masa ya haƙuri sai ya ce da godiya, fuskarsa a bushe. Ana yin sadakar uku ya koma kan aiki. Unguwa ta yi ta yabonsa, ana cewa ga mai tawakkali, ga wanda ya gaji ubansa. Da ya rage magana aka ce ya natsu. Da ya fara daɗewa a masallaci bayan kowa ya watse, yana zaune shi kaɗai ya zuba wa bango ido, aka ce ya zama ustazu. Ramarsa kuma aka ɗora wa aiki. A haka shekara ta zagayo.

Da na isa shagon, babban ma'aikacinsa na tarar a waje, wani Bafulatanin Marwa mai furfura wanda yake nan tun zamanin Yaya. Ya janyo ƙofar ƙarfen ya bar ta rabi a buɗe. Sauran teloli suna zaune a kan benci sun harɗe hannu. A goman ƙarshe, da hantsi, ba ko keke ɗaya da ke motsi.

Na ce, "Lafiya? An ɗauke wuta ne?"

"Akwai wuta, Hajja."

Ya taya ni sauke kaya, sannan ya juya harshe zuwa Fulatanci don kada masu wucewa su ji. A shagon nan, tun Yaya, maigida ne kaɗai yake yanka yadi. Shi yake shiga ɗakin yanka da awon mutane, ya fito da yankakke ya rarraba, ma'aikata su ɗinka. To, kwanakin nan patron, wato maigidan, yana shiga da shaddar mutane, amma ba abin da ke fitowa. In an ƙwanƙwasa sai ya ce a jira. Suka ɗinke duk abin da ke hannunsu, suka zauna. Yau da safe shi dattijon ya kasa haƙuri ya tura ƙofar.

"Me ka gani?"

"Hajja, shiga da kanki. Ni bakina ba zai iya ba."

Ɗakin yanka ɗan ƙarami ne, tebur mai faɗi ya cinye rabinsa, da igiya da aka ɗaura daga bango zuwa bango inda ake rataye manyan riguna. A kan igiyar nan na ga rigunan yarinya a jere. Fara, shuɗiya, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara. Launukan maza ne duka, shadda ce mai nauyi mai sheƙi, wadda alhazan unguwa suka kawo a yi musu babbar riga ta zuwa idi. Wasu ma na gane su, domin daga hannuna aka saye su. Kowace riga da ɗan zanenta da ɗankwalinta an ninke an maƙale da fil. Duk awonsu ɗaya. Ƙasa kuwa ta cika da ragowar yadin da ba zai ƙara yi wa kowa riga ba.

Na taɓa ganin gobara ta lashe rumfuna a kasuwa, na taɓa kasancewa cikin motar da ta kife a hanyar Ngaundere. A duka biyun ƙafafuna sun ɗauke ni na fita. Ran nan sai da na dafa tebur.

Yana zaune a bayan tsohon baƙin keken Yaya da aka ajiye a lungu, yana kafa maɓalli. Ya ɗago kai.

"Goggo, sannu da zuwa. Ya azumi?"

Muryarsa lafiya lau, kamar kullum. Wannan ya fi rigunan tsorata ni.

"Ɗana, mene ne wannan?"

Ya ɗaga rigar da ke hannunsa ya auna ta da ido. "Na ƙara mata tsawo kaɗan. Yara suna girma a shekara."

Ya sauke rigar a cinyarsa.

"Bara ban ɗinka mata ba, Goggo. Ta zo ta tsaya nan, daidai inda kike, ta ce Baba ina nawa. Mutane sun cika shago. Yaya zan ajiye kayan manya in kama na 'yar fari a gabansu? Na ce a janye ta. Na ce sai bayan Sallah. Da tsohuwar riga ta yi yawon Sallah, 'yar tela." Ya dubi igiyar. "Ban san launin da take so ba. Ban taɓa tambayarta ba. Shi ya sa nake yin kowanne."

Na matsa kusa da shi, na sassauta murya. "Ɗana, ka san ta rasu?"

"Na sani mana, Goggo. Ai ni na yanka likkafanin."

Ya ci gaba da kafa maɓallinsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, kansa ba ya yin shiru. In ya kwanta ƙarar keke yake ji, in ya tashi muryarta. Ya ce wani lokaci in zai tsallaka titi a bakin kasuwar Mokolo, sai ya ji a ransa da wata mota za ta zo da gudu, da ya huta. Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin ruwan jiya.

Babban almakashi yana kan tebur kusa da hannunsa. Na ɗora gyalena a kai, na naɗe shi ciki, na soke a hammata. Na ce ya tashi ya raka ni gida, ƙafata tana ciwo. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro. Muka fita ta ƙofar baya, muka bi lungu har gidana da ke unguwar Madagascar. Na shimfiɗa masa katifa a ɗakina, ya kwanta ya juya wa duniya baya, idonsa biyu.

Na aika aka kira mini matarsa. Ta zo ta zauna a bakin tabarma a tsakar gida, ta ja mayafi har goshi, don a wurinta ni uwar miji ce.

"'Yata, tun yaushe mijinki ba ya barci?"

"Tun bara, Goggo."

"Kuma ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Na ɗauka aiki ne. Kowa ma haka yake cewa."

"Kuna maganar yarinyar nan, ke da shi?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ba mu taɓa ba."

"Ko sau ɗaya? Ɗaki ɗaya kuke kwana!"

"Goggo, ni ma fa 'yar farina ce."

Sai maganar ta ɓalle mata. Ta ce ranar rasuwar, da ta buɗe baki za ta yi ihu, wata tsohuwa ta mintsine ta a cinya ta ce kada ta kunyata gidansu. Tun daga nan a banɗaki take kukanta, ta buɗe famfo ruwa yana zuba a bokiti don kada a ji. Ta ce shekara guda tana jin haushinsa, tana ganin mutum ya binne 'yarsa ya koma kan keke kamar kaza ce ta mutu. Da na gaya mata abin da ke rataye a ɗakin yanka, ta toshe bakinta da mayafi. Na buɗe mata ƙofar ɗakina na ce ta shiga ta zauna kusa da shi, ko ba za su ce uffan ba, kuma kada ta bar shi shi kaɗai.

Maƙwabtana na Madagascar mutanen kudu ne. In aka yi musu mutuwa, uwa takan yi birgima a ƙasa tana kiran sunan ɗanta har muryarta ta dushe, uba ya tsaya a tsakar gida yana kuka da majina. Mukan leƙa ta taga mu ce Allah ya kyauta, ba su da tawakkali. Ran nan, ina zaune ina jin shirun da ke fitowa daga ɗakina, na tuna cewa waɗannan mutanen, in sati ya zagayo, nakan ji su suna hira da dariya, suna ambaton mamacin kamar ya je kasuwa ne.

Bayan azahar na tafi wurin Yaya. Labari ya riga ni. Na same shi a zaure, carbi a hannu amma ba ya ja.

Ya ce, "An rufe shagon?"

"An rufe."

"To. Za a ce wancan ya yi tafiya Garwa. Zan sa malam ya yi masa rubutu. Kada ki yarda maganar nan ta fita, yana da ƙanne mata da ba su yi aure ba. In aka ce akwai taɓin hankali a gidan nan, ke kin san Birik."

"Rubutu zai sha, Yaya, addu'a ba ta da laifi. Amma gobe asibiti zan kai shi."

"Asibitin mahaukata?"

"Asibitin marasa lafiya. Da ƙafarsa ce ta karye, Garwa za ka ce ya tafi?"

"Ke dai yawon duniya ya ɓata ki. Kin je kin kwaso ɗabi'un mutane kin cika jaka."

"Na kwaso. Kai da ka zauna wuri ɗaya me ka tara? Yaya, tsakani da Allah, yaron nan kai ka haife shi, ko a Mokolo ka saye shi?"

Ya buga carbin a tabarma. "Kul! Babanmu ya taɓa kiran sunana? Ya taɓa tambayata abin da ke damuna? Ga ni nan, na mutu?"

"Ba ka mutu ba. Shi kuwa yana tsayawa a bakin titi yana fatan mota ta ɗauke shi. Da bakinsa ya gaya mini."

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, muryarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba.

"Tun kafin Maulidi na sani."

"Ka san me?"

"Cewa ba lafiya ba. Ya ɗinko mini kaftani, na shafa wuyan. Idona ba ya gani, amma yatsana yana gani. Layin yana tafiya daidai sai ya karkace, sai ya dawo, kamar mai tafiya yana gyangyaɗi. Yaron da ni na koya masa riƙe allura. Kuma in ya zo gaishe ni da safe ina jin numfashinsa."

"Ka sani! Wata nawa ke nan, Yaya? Me ka yi?"

"Na aika masa goro. Na sa an dama fura an kai masa shago." Ya buɗe tafukan hannunsa. "Me zan yi? In kira shi in ce me? Da wane baki?"

A duk abin da na gani ran nan, wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Na zaci makanta ce ta hana a gani. Ashe an gani. Uba yana zaure, ɗa yana shago, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, ɗaya yana nutsewa ɗayan yana aika masa goro.

Washegari muka tafi asibiti, ni da shi da matarsa. Likitar mace ce, mutuniyar kudu, ba ta jin Hausa. Na gyara zama zan yi tafinta, sai na ga ba a bukatata, don ya yi lakkwal, wato makarantar boko, Faransancinsa ya fi nawa. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi maganar motar nan kai tsaye ba kwana-kwana, ya amsa. Sannan ta ce ya ba ta labarin yarinyar.

Ya ce, "Ma fille."

'Yata. Da Hausa bai taɓa faɗin wannan kalmar ba. Likitar ta tambayi sunanta, ya faɗa. Matarsa ta zabura a kan kujera. Ni ma ran nan na fara jin sunan a bakinsa. Na daɗe da lura cewa mutum yakan faɗi abu da harshen aro wanda ba zai iya faɗa da na uwarsa ba, na gani a wurin 'yan kasuwa in za su yi zagi ko roƙo. Ban taɓa zaton zan ga uba ya ari harshe don ya ce 'yarsa tasa ce ba. Ya yi ta magana, ya ba ta labarin ƙyallaye, da rigar, da likkafanin. Ba ta katse shi ba.

Da ya gama ta ce mana wannan ciwo ne sananne, baƙin ciki ne da aka danne ya haɗu da gajiya da rashin barci, kuma ana warkewa. Ta rubuta magani, ta ce ya ajiye aiki, ya riƙa dawowa suna tattaunawa, matar ma ta riƙa zuwa don ita ma tana ɗauke da nata. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan. Sannan ta juyo gare ni ta tambaya, a gida da wa yake hira in abu ya dame shi? Na ce ba kowa. Ta ce mahaifinsa yana raye? Na ce yana raye. Ban san yadda zan fassara mata sauran ba, da Faransanci ko da wani harshe.

Limamin unguwa da na je wurinsa bai ja magana ba. Ya ce mara lafiya ne, ya sha maganinsa yadda likita ta ce, in azumi ya gagare shi ya rama daga baya, shi kuma zai riƙa zuwa yana yi masa addu'a. Ya zo kuwa.

Maganar shaddar mutane ni da dattijon Marwa muka ɗauka. Na fito da shaddar da nake da ita don a mayar wa mutane tasu, shi kuma ya kama almakashi karo na farko a shagon. Ba mu ce wa kowa ya tafi Garwa ba. Wani alhaji mai shanu a unguwar Etoudi ya zo yana ta faɗa tun daga bakin titi, wai shi za a mayar ɗan iska, da me zai je idi. Dattijon ya kama hannunsa ya kai shi ɗakin yanka. Alhajin ya daɗe a ciki. Da ya fito ya cire hula ya share fuska, ya ce tsohuwar rigarsa ma ba ta tsufa ba, a gaishe da mai jiki. Ba kowa ne ya yi haka ba. Wasu sun kwashe kayansu ba su sake dawowa ba, wasu kuma sun kai maganar inda Yaya yake tsoro.

Shi kuwa yana gidana. Maganin ya sa ya fara barci, amma in ya farka sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Matarsa tana gefensa. Wani lokaci nakan ji suna magana ƙasa-ƙasa, sai in ɗauki buta in yi nisa.

Ranar jajibere da la'asar ina tsakar gida ina yanka albasa, sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa dakali. Yaya ne, shi kaɗai, laka har idon sawu. Rabon da ya tako gidana tun rasuwar mijina. Akwai wani abu a naɗe a hammatarsa.

"Ina yake?"

"Wa?" Da gangan na tambaya.

Ya harare ni da idon da ba ya gani sosai. Na nuna masa ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa, matar ta ja mayafi ta raɓa ta fito. Ɗan nasa yana zaune a bakin katifa, ya ba ƙofa gefe. Yaya ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan ya kira sunansa.

Yaron bai dubi ubansa ba. Ya waiga wajen taga, ya leƙa tsakar gida ta bayan kafaɗar Yaya, yana neman wanda ya kira shi. Mutum mai shekara kusan arba'in, bai san sunansa a cikin wannan muryar ba. Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Yaya ya sake kira. Sai ya gane. Ya zame daga katifa zai durƙusa, Yaya ya ce zauna, shi ma ya lallaba ya zauna a ƙasa kusa da shi, gwiwarsu tana taɓa juna. Ya warware abin da ke hammatarsa. Ɗaya daga cikin rigunan ce.

"Na je shago na shafa su duka. Ɗinkin ya yi. Layin bai karkace ba ko kaɗan." Ya ɗora rigar a cinyar ɗansa. "Na ce wa mutumin Marwa ya zaɓo mini shuɗiyar. An ce ba ka san launin da take so ba. Shuɗi take so. Duk ƙyallen da amaryata ta cusa mini a aljihu shuɗi ne. In na ba ta wani launi sai ta jefar."

Ɗana ya ɗauki rigar ya kifa fuskarsa a ciki. Sautin da ya fito daga ƙirjinsa ban taɓa jin irinsa a bakin namiji a gidanmu ba. Maƙwabtana suka leƙo ta katanga, na yi musu hannu suka koma. Yaya bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama kamar bai san inda ake ajiyewa ba, sannan ya ɗora shi a ƙeyar ɗansa. Matar tana tsaye a jikin bango tana nata kukan, a fili, ba famfo. Har aka kira magariba ba wanda ya tuna da shan ruwa, sai da na kai musu dabino.

Bai warke a ranar ba. Ya daɗe yana zuwa wurin likitar, har yanzu ma yakan je, kuma akwai ranakun da yake tashi jikinsa a mace, matarsa ta aiko a gaya mini. Da ya koma shago ya bar wa dattijon Marwa rabin yanka, kuma in azumi ya raba tsakiya ba ya ƙara karɓar yadin kowa, ko na wane ne. Shuɗiyar rigar tana cikin akwatin uwar yarinyar. Sauran shi da kansa ya ce a raba wa marayun unguwa da babbar Sallah, ya tsaya a ƙofar shago yana kallon su suna wucewa cikin shaddar alhazai.

Yaya bai sake kiran sunan ba, a iya sanina. Na tsokane shi sau ɗaya, ya ce in kiyaye shi, abin da aka yi sau biyu ai an yi. Amma kullum da hantsi yana lallabawa da sandarsa zuwa shago, ya zauna a benci kusa da ƙofar ɗakin yanka, wadda yanzu ba a rufewa. Ba wata hira suke yi ba. Kwanan baya na kai shadda, na tarar wani baƙo yana tambayar tsohon ina patron. Yaya ya nuna ciki da sanda.

"Ɗana yana yanka," in ji shi. "Zauna ka jira shi."